Injin niƙan gahawa a shagon Legas: kafawa, saiti da gyara

Wanda zai buɗe shagon gahawa a Legas yakan zuba kusan duk jarinsa a kan babban injin esfireso, mai ƙyallin nan da ake ajiyewa inda kowa zai gani, sannan da ɗan abin da ya rage ya nemi injin niƙa. Ni daga Agege nake fitowa in zaga shaguna a Ikeja da Yaba da Victoria Island da Lekki ina duba waɗannan injuna, kuma yawancin ƙorafin da ake kirana a kai, ko gahawa ta yi tsami, ko ta yi ɗaci, ko tana zubowa tsululu, daga wajen niƙa yake. Aikin babban inji shi ne ya tura ruwan zafi da matsin bar 9 ta cikin gari. Idan garin bai niƙu daidai ba, babu abin da tsadarsa za ta gyara.

Wanda na fi cin karo da shi a shaguna shi ne Mazzer na Italiya, musamman Super Jolly mai haƙora (faifan ƙarfe biyu masu kaifi da ke niƙa ƙwayar) masu faɗin milimita 64 da Major mai milimita 83. Akwai Mahlkönig na Jamus, akwai Fiorenzato da Eureka, akwai kuma Mythos na Nuova Simonelli a manyan wurare. Ga ƙaramin shago ina ba da shawarar Mazzer, ko da na hannu ne, domin kamfanin yana wannan sana'a tun 1948, injinsa ƙarfe ne zalla, kuma haƙoransa da sauran kayan gyaransa sun fi sauƙin samu. Yawancin abin da zan faɗa a kansa na gina shi, amma hanyar ɗaya ce ga sauran.

Kafin ka biya kuɗi, juya injin ka karanta ɗan allon da ke manne a jikinsa. Wutarmu bolt 230 ce, hatz 50. Injin da aka yi don Amurka na bolt 110 ko 120 ne, hatz 60, kuma suna shigowa cikin kayan gwanjo. Idan aka jona irinsa kai tsaye, motar da ke juya injin za ta ƙone nan take. Na Turai ya dace da wutarmu, sai dai fuloginsa mai baki biyu zagayayye ne, kuma atin ɗinsa, wato hanyar da ke kai wutar da ta ɓalle zuwa ƙasa don kada ta kama mutum, a gefe yake. Mutane kan cusa shi da ƙarfi cikin soket ɗinmu mai baki uku, inji ya tashi, a ce an gama. Ba a gama ba, domin atin bai haɗu ba, ga jikin inji ƙarfe, ga hannun ma'aikaci kullum a jiƙe. Kira mai gyaran wuta ya sa masa fulogi mai baki uku na amf 13, ya kuma gwada ya tabbatar soket ɗin da kansa yana da atin.

Ka ba shi soket nasa shi kaɗai, kada ya yi tarayya da firiji ko bilenda a kan wayar ƙari. Super Jolly wat 350 yake ci, Major wat 650, amma a lokacin tashi motar tana jan ninkin haka sau da yawa, don haka sitabilaizar da za ka saya ta zarce abin da aka rubuta da tazara mai kyau. Wutar da ta yi ƙasa ta fi cutar da wannan mota a kan ɗaukewar wuta gaba ɗaya: za ta yi ta gurnani tana zafi ba ta juya ba. Duk lokacin da za a sauya daga wutar gari zuwa janareta, a kashe injin tukuna, a bari janareta ya daidaita.

Wurin ajiya: kanta mai ƙarfi wadda ba ta rawa, nesa da tururin madara da wurin wanke-wanke, nesa da tagar da rana ke bugawa. Kada ka manna shi da jikin injin esfireso, domin zafinsa zai riƙa gasa ƙwayar gahawar da ke cikin mazubi, wato kwanon da ke saman injin niƙa inda ake zuba ta. Kada kuma ka sa shi daidai inda esi ke hurowa.

Da zarar ya zauna, abu na farko shi ne ka gano inda haƙoran biyu suke haɗuwa. Cire fulogi, cire mazubi, ka tabbatar babu ƙwaya a ciki. Da hannu ɗaya riƙa juya haƙorin ƙasa ta wajen notin tsakiya, da ɗayan kana matsa zoben saiti wajen laushi a hankali. A Mazzer, laushi yana saɓanin tafiyar hannun agogo. Za ka kai inda za ka ji ƙarfe ya fara gogar ƙarfe. Tsaya nan, ka sa alama da maka a jikin zoben, sannan ka dawo baya. Lambobin da aka buga a jikin zoben ba sa nufin komai daga inji zuwa inji. Alamar da ka sa da hannunka ita ce abin dogaro, kuma nan gaba ita za ta nuna maka yadda haƙora ke cinyewa.

Sai saitin gahawa, inda ainihin aikin yake. Kana buƙatar sikeli mai auna kashi ɗaya cikin goma na giram, da agogo mai ƙirga sakan. Wanda ke saiti da ido kawai yana ɓarnar ƙwaya ne. Ma'aunin da ake farawa da shi: giram 18 na gari a cikin kwando (ɗan kwanon ƙarfe mai ramuka da ruwan zafi ke ratsawa), a tatso giram 36 na gahawa a kofi, cikin sakan 25 zuwa 30. Ɗora mariƙin kwandon a kan sikeli ka mayar da shi sifili, niƙa, auna, ka rage ko ka ƙara har ya zama 18 cif. Baje garin ya kwanta daidai, danne shi a miƙe, ɗaura, sa kofi a kan sikeli, ka tashi ruwa da agogo tare. Idan giram 36 ya cika a sakan 17, garin ya ɓarzu da yawa, ruwa ya ratsa bai ɗebo komai ba, za ka ji tsami da salam. Matsa wajen laushi. Idan ya haura sakan 40 yana ɗiga ɗaya-ɗaya, ya yi laushi da yawa, za ka ji ɗaci da bauri a bayan harshe. Saki zoben kaɗan wajen ɓarza.

Kaɗan ɗin nan ina nufin kaɗan sosai. Motsin da bai kai faɗin farce ba a jikin zobe yana iya sauya tatsa da sakan uku ko huɗu. Kuma abu ɗaya za ka riƙa sauyawa a lokaci guda. Idan ka taɓa laushi, bar nauyin gari a 18. Wanda ya taɓa biyun tare ba zai san wanne ya yi aiki ba.

Akwai ƙa'idoji biyu da nake maimaita wa duk ma'aikacin da na koya wa. Ta farko, ba a matsawa wajen laushi sai mota tana juyawa, ko kuma ciki babu ƙwaya. Idan inji yana tsaye, akwai gutsattsarin ƙwaya tsakanin haƙora, ka matse su a kai, to da ka kunna motar za ta cije. Wajen saki babu wannan damuwa. Ta biyu, bayan kowane motsi sai an niƙa wani abu an zubar. Duk wanda ya taɓa kai masara inji a unguwa ya san abin da ya fara fitowa ragowar niƙan wanda ya riga shi ne. Nan ma haka, akwai giram da dama na tsohon gari a maƙale cikin ɗakin niƙa da hanyar fita. Idan ba ka zubar da shi ba, kofin da ka gwada rabi tsohon saiti ne rabi sabo, sai ka ga kamar motsin bai yi aiki ba, ka ƙara matsawa, ka wuce wurin. Haka ake ƙarar da rabin kilo ana kai-komo. Ga babban inji ka zubar da kusan cikin kwando ɗaya. Masu shago ba sa son ganin wannan, na sani, ƙwaya da tsada, amma asarar giram 15 ta fi sauƙi a kan kofi biyar da abokan ciniki za su bari a kan tebur.

Idan lokaci da nauyi sun zauna, ɗanɗana. Lambobin nan ƙofar shiga ce kawai. Ƙwayar Habasha ko Kenya da ba a soya sosai ba takan so a ɗan tsawaita, a kai giram 40 ko fiye, kafin zaƙinta ya fito. Ta Birazil mai duhun suya takan fi daɗi idan an tsaya da wuri. Wadda ake kawowa daga tsaunin Mambila a jihar Taraba ma tana da nata hali gwargwadon wanda ya soya ta. Ka duba ranar suya a jikin leda: wadda ba ta kai mako ɗaya ba tana cike da iska, za ta yi ta kumfa, saitinta ba ya zama wuri ɗaya.

Sai bayan laushi ya zauna ake saita agogon inji, ga masu niƙa kai tsaye cikin kwando. Injin ba ya auna nauyi, sakan kawai yake ƙirgawa. Idan ka ƙara laushi, garin da zai fito a cikin sakan ɗin nan zai ragu, idan ka saki zai ƙaru. Don haka duk lokacin da aka taɓa zobe sai an koma kan sikeli an gyara lokaci. Niƙa sau uku a jere ka auna kowanne. Idan bambancin bai wuce rabin giram ba, lafiya lau. Yawan ƙwayar da ke cikin mazubi ma yana da tasiri, domin nauyinta ke tura ta ƙasa zuwa haƙora, shi ya sa idan ta kusa ƙarewa awo yakan rikice. Sannan ga wani abu da ya shafe mu a nan: gudun irin wannan mota yana bin hatz ɗin wuta. Super Jolly yana juyi 1,400 a minti a kan hatz 50, 1,600 a kan hatz 60. Janaretan da gudunsa ke hawa da sauka zai sa sakan ɗaya ɗin ya ba ka gari daban. Idan an koma janareta, a auna kwandon farko.

Mai tulun gari a gaba, wanda ake jan hannu yana zubowa, shi ma yana aiki, amma kada a cika tulun. Garin gahawa cikin 'yan mintuna ƙamshinsa ke fara gudu. A niƙa na kofi ɗaya, a kwashe duka.

Yanzu maganar da ta fi damuna, wadda ita ce ta bambanta Legas da Kano ko Jos: laima. Gahawa tana shan danshin iska, kuma iskar Legas a jiƙe take kusan duk shekara, balle daga Afrilu zuwa Oktoba. Wata safiya an kwana ana ruwa, aka kira ni wani shago a Lekki. Yaron da ke kan kanta ɗan Katsina ne, mai natsuwa da tsafta. Ya tarye ni da damuwa a fuskarsa.

"Oga, wallahi ban taɓa komai ba. Yadda ka bar shi haka yake, amma tun safe gahawar ta ƙi sauka."

Na ɗebi garin na murza a tsakanin yatsu. Maimakon ya watse, sai ya dunƙule ya riƙe shatin yatsana. Na duba mazubi, cike yake da ƙwayar jiya, murfin a ɗan buɗe, esi kuma a kashe tun dare.

"Ƙanena, ba laifinka ba ne, kuma injin lafiyarsa ƙalau. Ƙwayar ce ta sha laima. Kawo sabuwar leda, ka saki zoben kaɗan, mu gwada."

Kofi na biyu ya sauka a sakan 28. Na ce masa ya sa ido, domin nan da awa biyu esi zai busar da ɗakin, haƙora kuma za su ɗau zafi idan ciniki ya buɗe, gahawar za ta fara gudu, sai ya mayar da zoben wajen laushi. Saiti a garin nan ba abin da ake yi sau ɗaya a ɗaure ba ne. Ana yinsa da safe kafin a buɗe ƙofa, a duba da rana, a sake dubawa idan hadari ya haɗu ko ƙofa ta daɗe a buɗe. Mai shagon da ya hana ma'aikacinsa taɓa zobe don tsoron kada ya ɓata, ya hana shi yin aikinsa ne. Gara ya saya masa sikeli ya koya masa. A Disamba da Janairu, idan hunturu ya leƙo, abin yakan juya: gari ya bushe, ya riƙa tashi yana manne wa bakin inji da kanta, tatsa ta yi sauri. Masu Mythos One sun ɗan huta ta fuskar zafi, domin an yi shi da abin da ke riƙe ɗumin haƙora a mataki ɗaya, amma shi ma bai hana ƙwaya shan danshi ba.

Saboda haka kada a zuba ƙwayar da ta wuce ta 'yan awanni. Da dare a rufe ƙofar mazubi, a niƙe abin da ya rage a maƙogwaro, a juye sauran cikin leda ko gwangwani mai rufuwa ruf. Kada a sa a firiji ana fitarwa ana mayarwa, raɓa za ta kwanta a kai.

Tsafta kuwa, ta kullum ba ta da wuya: buroshi a hanyar fita, busasshen tsumma a cikin mazubi, share ƙarƙashin inji. Kyankyaso yana son ɗumin mota da ɓurɓushin gari, kuma maganinsa shara ce, ba a fesa maganin ƙwari a cikin abin da ke niƙa abin sha. Duk mako a wanke mazubi da ruwan ɗumi da sabulu mara ƙamshi, a bar shi ya bushe ƙayau kafin a mayar. Akwai ƙwayoyin wanke haƙora irin su Grindz na kamfanin Urnex, ana niƙa kimanin giram 35 zuwa 40, a bi da tsohuwar gahawa a zubar. Kada ka sa shinkafa. Ta fi ƙwayar gahawa tauri, tana wahalar da mota, kuma garinta yana haɗuwa da laima ya toshe hanya.

Duk wata a buɗe shi. Cire fulogi daga bango, kashe makunni kaɗai bai isa ba. Sa alamar inda saiti yake. Cire ɗan sukurun da ke tare zobe, sannan ka kwance zoben. A Mazzer tiredinsa (zaren da yake murɗuwa a kai) na hagu ne, wato yana kwancewa ta bin hannun agogo. Ɗaga mariƙin haƙorin sama, ka lura da sifirin uku da yake zaune a kai, kada ɗaya ya faɗi ya ɓace. A injin da aka daɗe ba a buɗe ba, abin da za ka gani ba gari ba ne, baƙin danƙo ne da ya cika ramukan haƙora ya shafe kawunan sukurori, yana warin tsohon mai. Wannan warin yana shiga kowane kofi. Tsinken sakace da buroshi mai tauri da injin zuƙe ƙura su ne kayan aikin. Ruwa kada ya taɓa haƙora, ƙarfensu yana tsatsa, kuma a shagunan da ke kusa da teku iskar gishiri ta riga ta fara wannan aikin.

Wajen mayarwa ake lalata inji. Tiredin zoben siriri ne ƙwarai. Goge shi tas, shafa ɗan giris irin wanda aka yarda ya taɓa abinci, ba na mota ba. Danna mariƙin a kan sifirin, ɗora zoben a miƙe, ka juya shi baya kaɗan har ka ji ya faɗa gurbinsa, sannan ka ɗaura da yatsu. Idan ka ji ya cije tun zagayen farko, dawo ka sake. Wanda ya sa ƙarfi a nan ya cinye tiredin jikin inji, kuma wannan gyara ne mai tsada.

Haƙora suna da iyaka. Na milimita 64 na ƙarfe zalla yakan niƙa kimanin kilo 400, na 83 kimanin 600, masu rufin titaniyom sun fi haka daɗewa. Shagon da ke sayar da kofi 150 a rana a kan giram 18 yana cin kilo 2.7, wato na 64 zai kai shi wata biyar ne kawai. Alamomin dakushewa: saiti yana ta matsowa kusa da alamar da ka sa, niƙa yana ɗaukar lokaci, gari yana fitowa da ɗumi a dunƙule, kofi ɗaya ya haɗa tsami da ɗaci, ka matsa ko'ina bai gyaru ba. Goga farcenka a kan kaifin: mai kaifi zai kankare farcen, dakusasshe zai zame. Kada ka kai wa masu wasa wuƙa ko masu gyaran injin hatsi, domin tazarar da esfireso ke buƙata ta fi ƙarfin abin da hannu zai daidaita. A sauya biyun tare. Wajen saye, faɗi kawai bai isa ba, akwai na juyin dama da na juyin hagu, akwai bambancin ramin sukuru, don haka ka faɗi sunan injin da lambarsa. Araha ba ta ado, na jabu ba ya kai rabin kwanakin na asali. Ka yi oda tun wanda ke kai bai mutu ba, kaya daga waje ba sa zuwa ranar da ake so. Idan za ka ɗaura, kankare mazauninsu har ya yi ƙyalli, domin ɗigon gari ɗaya a ƙarƙashi zai karkatar da haƙori. Ɗaure sukurori ukun bi da bi, kaɗan-kaɗan. Sake nemo inda suke haɗuwa ka sa sabuwar alama. Sabon haƙori sai ya ci 'yan kilo kafin ya natsu, saboda haka a kwanakin farko saiti zai riƙa motsi.

Idan inji ya ƙi tashi kwata-kwata, ba sauti, fara da soket da fis ɗin fulogi. Sai mazubi: injuna da yawa suna da ɗan makunnin tsaro da ba ya barin mota ta tashi sai mazubi ya zauna daram. Idan tsakiyar ciniki ya mutu kuma jikinsa da zafi, abin kare mota daga ƙonewa ne ya yanke, ba shi rabin awa ya huce, ka duba ko ramukan shan iska sun toshe.

Idan yana gurnani bai juya ba, kashe nan take. Duba ƙarfin wuta. Idan wuta lafiya, rufe ƙofar mazubi, saki zoben sosai wajen ɓarza, ka gwada. Ya tashi, to cijewa ya yi. Bai tashi ba, cire fulogi ka buɗe, sau da yawa tsakuwa ce ko guntun ƙarfe, musamman a ƙwayar da aka shanya a ƙasa ba a tsince da kyau ba. Idan ciki fes ne, haƙori yana juyawa da hannu ba tangarɗa, amma mota gurnani kawai take, kafasita, abin da ke ba mota ƙarfin tashi, ita ce ta gaji. Ana samunta a kasuwar Alaba. A tafi da tsohuwar domin lambar mikrofarad da ta bolt su zo ɗaya, kuma mai gyaran wuta ne zai cire, domin tana riƙe wuta ko bayan an zare fulogi.

Mota tana gudu amma gari ba ya fita, ko yana fita kaɗan-kaɗan da zafi: hanyar fita ta toshe, abin da ke yawan faruwa da ƙwaya mai maiƙo a damina. Cire fulogi ka sassaƙe da tsinken katako, kada ka sa sukudireba, akwai ɗan raga ko ɗan faifai a bakin da ke wargaza dunƙulen gari, yana lanƙwashewa da wuri. Ƙarar gurzar ƙarfe alhali ciki babu ƙwaya kuma haƙora a sake suke, boris ɗin da sandar mota ke juyawa a kai ne, aikin ƙwararren mai gyara ne. Idan kuwa awo daidai, laushi daidai, amma kofi ɗaya ya sauka a sakan 20 na bayansa a 32, ka bar inji ka kalli hannun ma'aikaci: garin bai baje ba ko dannawar ta karkace, ruwa ya sami gefe mai rauni ya bi.

A aljihun kanta a ajiye haƙora sabo guda biyu, da fis, da buroshi, da batirin sikeli. A ajiye ɗan littafi kuma, kowace safiya a rubuta ƙwayar da aka zuba da ranar suyarta, inda zobe yake, giram nawa ya shiga, nawa ya fita, sakan nawa, da kilo nawa aka buɗe. Daga nan za a san ranar da haƙora suka cika kilonsu, kuma idan an kira mai gyara shi ne abin da zai fara nema.